Kafin Ka Buga Kik: Jan Hankali Ga Mai Tayar Da Babur Da Ya Daɗe A Ajiye

Da zarar damina ta ɗauke, aikin rani ya kankama da ruwan madatsar Tiga, sai ka ga ana fito da babura daga zaure a Madobi da Kura da Bunkure. Wani ya jingine nasa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wani kuma tafiya neman kuɗi ce ta raba su. Yanzu ga taki za a kai gona, ga tumatir za a kai Kwanar Gafan. Sai a ɗura sabon mai a kan tsoho, a yi ta buga kik, in ya ƙi a sa yara su tura. Jama'a, wannan gaggawar ce ke mayar da ƙaramin gyara babba.

Fetur ba ya jure zama. Cikin 'yan watanni, musamman a zafin ƙasarmu, ƙarfinsa yakan tsere, abin da ya rage ya yi duhu, ya yi wari, ya daskare kamar ƙaro a cikin kafireta har ya toshe 'yan ƙofofin da mai ke bi. Tankin da ba a cika ba kuma yakan tara raɓa. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya ya haifar da tsatsa. Ka juya makunnin mai zuwa rizaf, wannan dauɗar ce za ta fara shiga inji.

To, ga yadda ya kamata a bi. A fara zuƙe tsohon man kaf, a ɗauraye tankin da ɗan sabon fetur. In tsatsa ta yi yawa, a kai wa bakanike. A duba tiyon mai: in ya bushe ya tsage, ko ɓera ya ci, a sauya shi tare da matatar mai. A kwance 'yar ƙusar da ke gindin kafireta a zubar da abin da ya taru, sannan a buɗe ta a wanke. Kada a zura allura ko waya cikin jet, wato 'yar ƙofar da mai ke bi, domin ƙofar za ta buɗe, babur ya koma shan mai. A share fulogi, a kakkaɓe ƙurar hunturu daga matatar iska, a leƙa salansa ko zanzaro ya yi gini, a juye baƙin mai. Sai a zuba fetur mai kyau. Man kwalba na gefen hanya, in har ya zama dole, a tace shi, a kuma duba ko ruwa ya kwanta a gindinsa. A ja cok, a tayar, a bar shi ya yi zafi a hankali ba tare da murɗa totur ba.

Akwai abin da ya fi babur tsada, wato rai. Kada a zuƙi fetur da baki, in ya sarƙe ya shiga huhu yana iya kisa. A yi aikin a fili, nesa da murhu da sigari da fitilar aci-balbal, domin tururin fetur yana bin ƙasa ya tarar da wuta. Kada a bar inji yana aiki a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa guba ne. Tsohon man kuma kada a zubar da shi a magudanar ban ruwa, da ita ake shayar da shinkafa da dabbobi. Kada kuma a ajiye shi a gorar lemo inda yaro zai ɗauka abin sha ne.

Duk wannan ya shafi injin ban ruwa, wanda kan kwashe damina a ajiye. Ranar da za ka jingine babur ko inji, rufe makunnin mai, ka bar shi yana aiki har ya mutu da kansa don kafireta ta bushe. In so samu ne, a riƙa tayar da shi duk bayan mako biyu.