Libarbar Kaboyi: Ƙarfe Na Iyawa, Hannu Ke Ɓatawa

A shekarar 1966 Moustapha Alassane, ɗaya daga cikin iyayen silima a Nijar, ya fito da fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier. Labarin wani saurayi ne da ya dawo daga Amurka da akwati maƙare da kayan kaboyi, malafa da dogayen takalma da ɗamara da libarba. Ya rarraba wa abokansa, kowa ya sake suna, suka hau dawakai suka hana ƙauye sakat. Zalika Souley da Djingarey Maïga suna cikin waɗanda suka fito. Alassane bai ɗauko labarin daga sama ba. A wancan zamani finafinan kaboyi sun cika gidajen silima na Yamai, samari kuwa sun haddace takun jarumi da yadda yake zare bindiga daga ƙugu ya kayar da mutum daga nesa ba tare da ya ko runtse ido ɗaya ba.

Kasuwar silima ta daɗe da watsewa, amma karatun da ta yi mana yana nan. Wanda ya ratsa kasuwar Wadata da ke Yamai a jajibirin salla zai ga bindigogin roba a rataye, zai kuma ga yadda yaro ke riƙe tasa da hannu ɗaya, yana da tabbacin duk wanda ya nuna ya faɗi. Manya ma, da yawanmu, haka muka ɗauka: harsashi yana zuwa inda zuciyar mai harbi ta nufa. Ba haka ba ne, kuma bindigar kaboyin kanta ce shaida mafi kyau.

Kamfanin Colt ne ya ƙera ta, sojan Amurka suka karɓe ta a 1873, tare da harsashinta da ake kira .45 Colt. Nauyinta kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. Tana da ganga mai juyawa da ramuka shida, kowane rami harsashi guda, kuma hancin wadda aka ba soja ya kai santimita 19. Abin da ya bambanta ta da libarbar zamani shi ne ba ta tashi sai an ɗana ta kowane harbi: mai harbi ya ja ƴar gudumar da ke baya da babban yatsa, ganga ta juya, sannan ya taɓa kunama. Aikin kunama ɗaya ne tak, sakin guduma. Harsashin kuwa dunƙulen dalma ne mai giram 16 da rabi, faɗinsa milimita 11 da rabi, baƙin albarushi ke tura shi, yana fita da gudun da ya kai kimanin mita 270 a sakan guda. A ma'aunin bindigogin yau wannan tafiyar hawainiya ce, amma nauyin ya isa ya kayar da doki, kuma dama don mahayan dawakai aka yi ta.

Idan aka ɗaure mai kyau daga cikin irin wannan libarba a kan teburin gwaji, yadda hannun mutum ba zai girgiza ta ba, tana iya tara harsasai biyar a cikin da'irar santimita 5 zuwa 8 daga nisan mita 25. Mita 25 kusan tsawon bas biyu ne na tashar Wadata idan an jera su baki da wutsiya. Ke nan ƙarfen bai da laifi sosai. Dalili na farko yana cikin hancin: an yi masa tsage-tsage masu murɗewa waɗanda ke cizon dalma su sa harsashi juyawa a kan kansa, kamar katantanwar da yaro ya murza, wadda muddin tana juyi ba ta faɗuwa. Wannan ne abin da adakar maharbanmu ba ta da shi. Cikinta sulɓi ne, shi ya sa maharbin gargajiya ke dogara da sanɗa har ya kusanci dabba, ba da nisan harbi ba.

Amma akwai wata matsala da libarba ta keɓanta da ita, kuma a nan ne masu sha'awar .45 Colt suka fi daɗewa suna jayayya. Harsashi ba a cikin hanci yake fara tafiya ba. Daga ramin ganga yake tasowa, ya ƙetare ƴar tazara, sannan ya shiga hanci. Dole bakin kowane rami ya zo daidai da hancin, dole kuma faɗinsa ya dace da faɗin hancin. In bakin ramin ya yi ƙunci, sai ya matse dalma ta rage kauri tun kafin ta isa tsage-tsagen, ba za su cije ta da kyau ba, iska mai zafi ta kutsa ta gefe ta narkar da ita ta shafe a cikin hanci, kowane harbi ya fi na baya lalacewa. In kuma ya yi faɗi, harsashi na iya shiga a karkace ya fita a karkace. Tarihi ya ƙara dagula lissafin. Tsofaffin Colt na kafin Yaƙin Duniya na Biyu an huda hancinsu a kan inci .454. Da aka daina ƙera su a wajen 1941, sannan farin jinin kaboyi a talabijin ya sa aka dawo da su a 1956, sai aka koma kusa da .452. Bambancin kashi biyar cikin ɗari ne na milimita ɗaya, ido ba ya ganinsa, amma yana fitowa ɓaro-ɓaro a jikin takardar gwaji. Shi ya sa za a sami bindigogi biyu masu suna ɗaya da harsashi ɗaya, wannan tana tarawa wuri guda, waccan tana warwatsawa. Tun da ramukan shida ne, kusan a ce bindigogi shida ne ke raba hanci guda, kuma ba dole ba ne su yi baki ɗaya.

Duk wannan ƙaramin abu ne idan aka gwada shi da abin da hannu ke yi. Saitin tsohuwar Colt ƴar tsaga ce a saman ƙarfe daga baya, da ɗan tsinke a bakin hanci, ba a gyara su hagu ko dama da sukurudireba. A mai gajeren hanci tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce santimita 15 da wani abu ba. Lissafin a fili yake: kuskuren milimita ɗaya wajen daidaita tsinke da tsaga, a nisan mita 25 ya zama kusan santimita 17. Milimita uku ya zama rabin mita, wato an bar mutumin da aka nufa an koma kan na gefensa. Kuma wa ke iya riƙe hannu a miƙe bai motsa milimita uku ba, zuciya na bugu, numfashi na sama-sama?

Ɗana guduma kowane harbi yana da amfani ɗaya babba, kunama tana yin laushi. Ƙarfin da ake bukata bai fi kilo biyu ba, alhali libarbar da kunama ke ɗana kanta tana neman kamar kilo biyar. Sai dai ko kilo biyun ma ya fi nauyin bindigar, don haka yatsa kaɗai ya isa ya karkatar da ita. Gudumar kuma babba ce, tafiyarta na da tsawo, akwai ɗan jinkiri tsakanin sakinta da tashin albarushi, kuma a cikin wannan jinkirin ne mai tsoron ƙara ke sunkuyar da hanci ba tare da ya sani ba. Wani abin mamaki ya biyo baya: tun harsashi na cikin hanci bindiga ta fara ɗagowa saboda turin baya. Harsashi mai nauyi da jinkiri ya fi daɗewa a ciki, saboda haka ya fi sauka sama. Wanda ya canza nauyin harsashi, ko ya sassauta riƙo, ya canza inda zai sauka ke nan. Da ya fita kuma ƙasa ta fara jansa. A mita 50 yana faɗuwa kusan santimita 18 daga layin hanci, a mita 100 ya doshi santimita 80. Ga hayaƙin baƙin albarushi, wanda bayan harbi biyu ko uku a cikin ɗaki yakan rufe abin da ake nufi.

Tarihin kaboyi na gaskiya ya yarda da lissafi, bai yarda da fim ba. Faɗan da ya fi kowane suna shi ne na O.K. Corral a garin Tombstone, jihar Arizona, ranar 26 ga Oktoba 1881. An fara shi mutane na tsaye kusan mita biyu da juna. An yi harbi wajen 30 cikin sakan 30. Mutum uku suka mutu, ɗaya daga cikinsu ma bindigar tsuntsaye mai baki biyu ce ta kashe shi, ba libarba ba. Wyatt Earp, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi faɗan, ya fita ko ƙwarzane babu. Waɗannan mutane ne da suka saba da makami, amma yawancin harsasansu sun tafi wani wurin.

Wani wurin nan shi ne abin da ya dame ni. Harsashin da bai sami wanda aka nufa ba ba ya ɓacewa. Wannan dalma mai jinkiri tana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya idan an ɗaga hanci sama, tana kuma ratsa kwano da langa-langa da ƙofar katako. A unguwa mai cunkoso irin Wadata, inda kasuwa da tasha da rumfunan dukawa da maƙeran azurfa na ƙauyen masu sana'ar hannu suke manne da gidajen jama'a, babu inda harsashi zai nufa bai tarar da rai ba. Mai cewa zai ajiye ƙaramar bindiga saboda ɓarawo yana hango kansa ne a matsayin jarumin fim, hannu ba rawa. A zahiri kuwa dare ne, ga firgici, ga ƴaƴansa a ɗakin da ke bayan bangon. A Nijar mallakar bindiga sai da izinin hukuma, kuma tun 1994 akwai hukumar CNCCAI mai tattara haramtattun makamai. A Agadas, ranar 25 ga Satumba 2000, an ƙone bindigogi fiye da dubu a bikin wutar zaman lafiya. Ina ganin aikin irin wannan hukuma zai fi tasiri idan aka haɗa shi da wannan ɗan lissafi na milimita da santimita, a makarantu da gidajen rediyo, domin mutum ya fi jin tsoron abin da ya fahimta.

Tsofaffin masu Colt sun san wani haɗarin da fim bai taɓa nunawa ba. In guduma na kwance a kan harsashi, bindiga ta faɗi ƙasa, tana iya tashi da kanta. Saboda haka biyar suke ɗurawa, su bar rami ɗaya fanko a ƙarƙashin guduma. Sai a 1973, shekara ɗari cif bayan fitowar Colt, kamfanin Ruger ya sa wa nasa libarbobin wani ƙarfe da ke hana hakan. Har yau kamfanonin Italiya irin su Uberti da Pietta suna ƙera kwafin tsohuwar, kuma masu fim na daga cikin masu amfani da su, da kwanso mai ƙara da hayaƙi amma babu dalma. Ranar 21 ga Oktoba 2021, a wurin ɗaukar fim ɗin kaboyi mai suna Rust a jihar New Mexico, wata Pietta mai cin .45 Colt ta tashi a hannun ɗan wasa Alec Baldwin, ashe akwai harsashi na gaske a ciki. Ya ratsa jikin mai ɗaukar hoto, Halyna Hutchins, ya wuce ya maƙale a kafaɗar darakta Joel Souza da ke tsaye bayanta. Hutchins ta rasu a ranar. A 2024 kotu ta sami mai kula da makaman fim ɗin da laifin kisa ba da gangan ba, ta yanke mata ɗaurin wata 18.