Motar Kara da Lissafin Ma'auni: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Da zarar an gama girbin gero da dawa a Miga da ƙauyukan da ke kan hanyar Jahun, kara ya wadata, sai yara su buɗe garejinsu a gindin bishiya. Wani na fere ɓawon kara, wani na buɗe gwangwanin madara, wani na yanka tsohon silifa yana fitar da taya. Kafin la'asar mota ta tashi, har da dogon sitiyarin da mai ita zai riƙe yana tura ta cikin lungu. Manya da yawa suna ganin ɓata lokaci ne. A Amurka, Jamus da Japan kuwa, kusan wannan aikin ne magidanta masu furfura ke zama suna yi, akwai kamfanoni da suka rayu a kansa shekara da shekaru.

Can ana sayen motar ne a kwali, a wargaje. Za ka tarar da gutsattsarin roba manne a jikin firam: bodi daban, inji daban, kujera, salansa, tayu, da takardar lambobi da ake jiƙawa a ruwa kafin a liƙa. Mai haɗawa zai yanke kowane guntu, ya goge bakinsa, ya shafa gam mai narkar da robar kaɗan har biyun su zama ɗaya, sannan ya yi fenti. Revell da Monogram da AMT na Amurka, da Tamiya ta garin Shizuoka a Japan, su ne sunayen da aka fi sani. A 1958 AMT ta fara fitar da kwalin da mutum zai zaɓa: ya haɗa motar yadda ta fito daga kamfani, ko ya ƙawata ta, ko ya mayar da ita ta tsere.

Masu sha'awar na tsere suna da wani reshe da na fi ƙauna, wato motocin gida da makanikai suka sauya wa kama. Tseren farko da ƙungiyar NASCAR ta shirya, ranar 15 ga Fabrairu 1948 a bakin teku a Daytona, na irin waɗannan motoci ne, Red Byron ya lashe shi da Ford. Tsofaffin motoci ne na shekarun 1930 da aka rage musu nauyi, aka ƙara wa injinsu ƙarfi. Daga baya aka riƙa yanke murfin tayunsu, ana walda musu keji na bututun ƙarfe don kare direba. Tunda kowace hannun makanikinta ne ya yi ta, da wuya a sami biyu iri ɗaya. Saboda haka mai haɗa ƙaramarta dole ya ɗauko bodi daga wannan kwali, inji daga wancan, abin da babu kuma ya ƙera shi da waya. A nan ne shi da yaron Miga suka haɗu, domin dukansu da abin da ke hannu suke aiki.

Bambancinsu guda ne mai muhimmanci, shi ne ma'auni. In ka ga an rubuta 1:24 a kwali, ana nufin kowane tsawo a jikin motar gaske an raba shi gida 24. Kamfanonin Amurka da dama sun fi amfani da 1:25. Ɗauki Golf ɗin da ke jigilar fasinja zuwa Dutse: tsawonta kusan mita 4 ne, wato santimita 400. Raba da 24, ka sami kusan santimita 17. Tayar da faɗinta ya kai santimita 60 za ta dawo biyu da rabi, dab da girman marfin kwalbar lemo. Yaron da ya auna haka kafin ya yanka kara, motarsa za ta daina fitowa da taya kamar ta tarakta a jikin tasi, kuma ya yi darasin rabawa ba tare da an ɗaga masa bulala ba.

Kwalin waje galibi sai an yi oda, kuɗinsa kuma da dala ake lissafawa, don haka ba shi nake cewa iyaye su nema ba. Abin awo na tela, rula, fensir da kwalin sabulu sun isa. A bar yaro ya je tasha ya nemi izinin direba, ya auna tsawo da faɗi da tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya, wadda ita ce ta fi nuna kamannin mota. Ya zana a takarda tukuna. Yankan gwangwani da riƙe reza kuwa, babba ya tsaya a kai, gam mai ƙarfin wari kuma a yi amfani da shi a fili inda iska ke kaɗawa.

Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana siffar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, ya yi karatun zanen mota a Detroit, aka kuma naɗa shi shugaban hukumar ƙere-ƙeren motoci ta Najeriya a 2017. A irin makarantar da ya yi, ɗalibi kan sassaƙa ƙaramar mota da yumɓu bisa ma'auni kafin a yi maganar babba. Yumɓu kuwa fadamar Miga ba ta rasa shi ba, malamin lissafi na firamare zai iya fara wannan darasi da ajinsa a wannan kakar.