Idan Baƙin Man Babur Mai Ƙafa Huɗu Ya Fara Warin Fetur

Babur mai ƙafa huɗu, wanda ake kira ATV, ya fara yawa a hannun mutanenmu a nan Kudu. Wasu suna tuƙa shi a gonakin kiwo na Ogun da Oyo suna kai dusa da ruwa inda mota ba ta shiga da damina, wasu kuma suna ɗaukar 'yan yawon shaƙatawa a bakin tekun Lekki. Mafi yawansu tokumbo ne, sun sha aiki a ƙasashen waje kafin su sauka a Apapa, kuma sau da yawa mai tuƙin ba shi ne mai babur ɗin ba, amana aka ba shi. To akwai wata matsala da take cin injin irin wannan babur a ɓoye, wato fetur ya riƙa zurarewa cikin baƙin mai. Idan ba a farga da wuri ba, inji bugawa yake yi, a bar yaro da rantse-rantse gaban maigida.

Alama ta farko ita ce wadda take yaudarar mutane. Ka zaro geji ka ga mai ya haura layin sama, alhali ba wanda ya ƙara. Wani har murna yake, wai injinsa ba ya shan mai. Malam, baƙin mai ba ya haihuwa. In ya ƙaru, wani abu ne ya shiga, kuma abu biyu ne: ko ruwa ko fetur. Na ruwa ba ya ɓuya, za ka ga man ya yi fari-fari kamar shayi da madara, musamman bayan an tsallaka rafi ko an wanke babur da injin feshi. Na fetur kuwa kalarsa ba ta canzawa sosai, sai dai ya tsinke. Shafa shi tsakanin yatsu biyu, za ka ji ba danƙo, ka kai hanci ka ji warin gidan mai. In kana kokwanto, ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda ka ajiye. Mai lafiyayye yana zama wuri guda yana bazuwa a hankali, mai gauraye kuma nan da nan yake yin faffaɗan zobe mai haske a gefe. Masu gwadawa da ashana su daina don Allah. Kafin ka auna, babur ya tsaya a wuri mai daidai, in ba haka ba gejin ƙarya zai yi maka.

Dalilin da ya sa abin yake da haɗari shi ne aikin baƙin mai ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya hana su gogar juna. Fetur kuwa wanki yake yi, shi ya sa bakanike yake wanke hannu da shi. Babur matsakaici lita 2 zuwa 3 kawai yake ɗauka, ƙananan na China ma wasu ba su kai lita 1 ba. Ka ga ko rabin lita ya shiga ai an gama da man. Daga nan boris da fistin da zobbansa su fara cin juna.

Yanzu ta ina yake shiga? A babur mai kafireto, wanda shi ne ya fi yawa a wajenmu, nan za ka fara duba. Tanki yana sama, kafireto yana ƙasa, fetur da kansa yake gangarowa ko inji a kashe yake. Abin da yake tsayar da shi wata 'yar allura ce mai kan roba da fulot yake turawa ta toshe ƙofa idan kofin kafireto ya cika. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana allurar nan zama. Kan robar ma yana cinyewa ko ya bushe, ballantana babur da ya daɗe a ajiye fetur ya kwana ya yi ƙanzo a ciki. Mu kuma da muke sayen mai a galan da kwalba a bakin hanya, datti ba ya mana wuya. Masu tuna gurɓataccen fetur mai yawan methanol da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022 sun san yadda mummunan mai yake lalata kayan inji.

Idan allura ta ƙi rufewa, kamata ya yi rarar fetur ta fita ta wani siririn tiyo da yake ƙarƙashin kafireto ta zuba ƙasa. Matsalar ita ce tiyon nan yana toshewa da laka, wani lokaci zanzaro ne ma yake gini a bakinsa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu ganin fetur yana ɗiga sai su soka ƙusa ko su lanƙwashe tiyon su ɗaure, wai sun hana asara tunda mai ya yi tsada. Fetur ɗin bai daina zuba ba, hanya kawai ya canza. Sai ya bi ta maƙogwaron inji ya shiga silinda in bawul a buɗe yake, ya silale ta gefen zobban fistin ya sauka cikin baƙin mai. Dare ɗaya ya isa.

Haka nan idan aka ɗora babur a bayan mota daga Legas zuwa gona ba a rufe makunnin fetur ba. Kowane rami aka faɗa fulot yana tsalle, allura tana buɗewa.

Shi kansa makunnin sai an gwada shi. Mayar da shi kan OFF, ka cire tiyon da ya shiga kafireto, ka sa bakinsa a kwalba ka ba shi minti 10. In ka dawo ka tarar da fetur, makunnin ya mutu. Wasu samfuran, kamar na Suzuki da yawa, makunninsu ba shi da OFF, sai ON da RES da PRI, iskar da inji yake zuƙa ce take buɗe shi. Irin wannan kada a bar shi a kan PRI, don a nan fetur a sake yake gudu. Yana da ƙaramin tiyo na biyu da ya tafi wajen inji, wanda iska kaɗai ya kamata ta bi. Cire shi ka duba, in ka ga jiƙe da fetur to 'yar robar da take ciki ta yage, inji yana shan mai ta bayan gida. Baburan da suke da ƙaramin famfo mai aiki da bugun iskar inji, irin tsofaffin Polaris Sportsman, su ma robar famfon tana yin wannan.

Sai cok. Wayarsa tana tsatsa da ruwan Kudu ta maƙale a rabi, inji ya yi ta shan fetur fiye da ƙima. Za ka gane da baƙin hayaƙi a salansa da fulogi mai baƙin toka. Filtar iska da ta cushe ita ma haka take sawa.

Masu injekta, irin Honda Rancher 420 da Yamaha Grizzly 700 da suka fito tun 2007, ba su da fulot, amma bakin injekta yana iya ɗiga bayan an kashe inji, ko na'urar auna zafi ta riƙa gaya wa kwamfutar babur cewa inji da sanyi alhali ya yi zafi. Wannan ba aikin gindin bishiya ba ne, a kai wa mai na'ura.

In duk an bi waɗannan ba a samu komai ba, saura zobban fistin. Inji ba ƙarfi, shuɗin hayaƙi, wahalar tashi da safe. A sa bakanike ya auna matsin silinda kafin a yarda a buɗe inji, don buɗewar ita ce mai cin kuɗi, kuma akwai masu gaggawar kai ka can alhali allura ce ta 'yan kuɗi kaɗan. Akwai kuma wanda ba lalacewa ba ce: babur da kullum tafiyar minti biyu yake yi daga ɗaki zuwa garke a kashe. Ɗan fetur da yake sauka lokacin tashi ba ya samun zafin da zai ƙone shi, sai ya taru. Maganinsa a riƙa ba shi doguwar tafiya lokaci-lokaci, a kuma rage tazarar juye.

Abu ɗaya da ya kamata kowa ya riƙe: in ka danna sitata ka ji inji ya yi gum ya ƙi juyawa, kada ka sake dannawa, kada kuma a tura. Mai yiwuwa silinda ce ta cika da fetur, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. Rufe makunni, kashe suwic, cire fulogi, kawar da wayarsa nesa, ka rufa tsumma a ramin, sannan a juya inji a hankali da igiyar ja in yana da ita. A fili za a yi, ba kusa da mai shayi ko mai suya ba, ba mai sigari a wajen.

Wajen gyara kuma a bi tsari. A fara toshe inda yake zuba, sannan a yi juye, in ba haka ba sabon man ma gobe ya lalace. Allura da mazauninta a canza su tare, ana samu a Ladipo ko wajen masu kayan babur na Nnewi, ka tafi da tsohuwar a hannu don a gwada. A girgiza fulot a kunne, in akwai ruwa a ciki ya huje. A wanke tanki, a sa 'yar filta a kan tiyo. A juye mai a canza filtarsa, in fetur ɗin ya yi yawa a zuba sabo, a bar inji ya yi minti 10, a sake juyewa. Baburan da kulocinsu yake cikin mai, kamar yawancin Honda, suna son mai ɗauke da alamar JASO MA a jikin galan, man mota yana iya sa kuloci santsi.

Tsohon man da aka juye kuma a zuba a jarka a rufe. Na san akwai masu shafa wa shanu baƙin mai saboda kaska ko ƙazuwa, dama can ba magani ba ne, wannan mai fetur a ciki kuwa ƙona fatar dabba zai yi, ta lasa kuma ya shiga cikinta. Bayan gyara, a yi sati guda ana duba geji kowace safiya kafin a tayar, a ga ko man yana nan inda aka bar shi.