Hanyoyin Keke Inda Mota Ba Ta Bi

Kowane uba da ya saya wa ɗansa keke ya san murna, ya kuma san fargaba. Yaro ya hau ya nufi titi, uwa kuwa tana bakin ƙofa, hankalinta ba ya kwanciya sai ta ga ya komo, gama titi na motoci ne da manyan gingimari. A wannan wata muna so mu ba ku labarin yadda mutanen Ingila suka sami wa iyalansu hanyoyin keke inda mota ba ta bi, a bakin ruwa da cikin tuddai. Abin mamaki kuwa, yawancinsu tsofaffin hanyoyi ne da aka yar, aka komo aka gyara.

Bari mu fara da na bakin ruwa. Kafin zuwan jirgin ƙasa, Turawan Ingila suka haƙa koguna da hannu domin ɗaukar kaya. A shekara ta 1761 aka buɗe wanda ake kira Bridgewater, yana kai gawayin kwal birnin Manchesta, har kuɗin kwal ya faɗi wajen rabi. Jiragen ba su da inji a lokacin. Doki ne yakan bi gefen ruwan yana jan jirgi da igiya, saboda haka kowane kogin haƙa yana da 'yar hanya a gefensa. Da yake ruwa ba ya hawan tudu, hanyar dokin nan a miƙe take, ba hawa ba gangara, sai inda aka gina ƙofofin ruwa masu ɗaga jirgi mataki mataki.

Da jirgin ƙasa ya zo, sai ya ƙwace cinikin. Kogin Kennet da Avon, wanda aka gama a 1810, ya lalace, ciyawa ta rufe waɗansu wurare. Mutanen da abin ya dame su suka kafa ƙungiya, suka yi shekaru suna tara kuɗi suna aikin gayya, har Sarauniya Elizabeth ta sāke buɗe shi a 1990. Mai keke yana iya tashi daga garin Bath ya bi bakin ruwan har Devizes, inda ƙofofin ruwa 29 suke ɗaga jirage ƙafa 237 cikin mil 2. Jirgi yakan yi awa biyar ko shida kafin ya gama hawa, mai keke kuwa ya wuce shi yana ɗaga hannu. Tun 2012 wata ƙungiya mai suna Canal & River Trust ce take lura da wajen mil 2,000 na irin waɗannan ruwaye a Ingila da Wales.

Shi ma jirgin ƙasa ranarsa ta zo, gama motoci suka yi yawa. A 1963 wani jami'i mai suna Dokta Beeching ya ba da shawara a rufe wajen mil 5,000 na layin dogo. Aka cire ƙarafa da yawa, aka bar filin haka nan. To, layin dogo ma ba ya son hawa mai tsanani. Masu gininsa sun fasa duwatsu, sun cike kwaruruka, sun ɗora gadoji. Wannan wahala tasu ita ce yau take sa yaro ɗan shekara bakwai da kakarsa su ratsa ƙasar tuddai a kan keke ba tare da haki ba.

A yankin tuddai da ake kira Peak District, hukuma ta sayi tsohon layin da ya tashi daga Ashbourne, aka zuba masa niƙaƙƙen farin dutse, aka buɗe shi a 1971 da suna Tissington Trail. Tsawonsa mil 13 ne, yana bi ta gonaki da makiyayar tumaki. Wanda ba shi da keke yana iya yin haya a can. Kusa da shi akwai Monsal Trail, inda a 2011 aka buɗe ramukan da jirgi yakan bi ta ƙarƙashin dutse, aka sa musu fitilu.

A Bristol kuwa, talakawan gari ne suka tashi. Waɗansu masu keke, da wani injiniya John Grimshaw a cikinsu, suka kafa ƙungiya a 1977. Daga 1979 zuwa 1986 suka mai da tsohon layin Bristol zuwa Bath hanyar keke da ta ƙafa, mil 13. Ƙungiyar ta ɗauki suna Sustrans daga baya, a 1995 kuma aka ba ta fam miliyan 42.5 domin ta haɗa irin waɗannan hanyoyi ko'ina a ƙasar.

Da yake hanyoyin da yawa na tsakuwa ne, keke mai siririyar taya ba ya jin daɗinsu. Ana ƙera waɗansu masu faɗin taya musamman dominsu, amma keken gida mai ƙarfi ma ya isa, muddin birki yana ci, an kuma riƙe famfo da kayan faci.

Kada mu ce ba hatsari sam. Hanyar bakin ruwa ƙunci gare ta, da damina takan yi taɓo, ƙarƙashin gada kuma sai an sunkuya. Akwai masu kamun kifi, da tsofaffi, da mata masu tura jarirai. Ka'ida ita ce mai tafiya da ƙafa shi ne gaba. Mai keke ya rage gudu, ya kaɗa ƙararrawa, ya yi gaisuwa, sa'an nan ya wuce. Iyaye kan sa yaro ya bi gefen da yake nesa da ruwa.

Ya ku masu karatu, da an sayar da filayen nan gunduwa gunduwa, da ba mai iya sāke haɗa su har abada. Abin da ya cece su shi ne waɗansu sun dubi hanyar da kowa ya raina, suka tuna da 'ya'yansu, suka ɗauki shebur da baro. Mu ma idan muna da wata tsohuwar turba a bayan gari wadda yara za su iya bi zuwa makaranta nesa da motoci, ya kamata mu kai maganarta gaban mai unguwa tun ba a gine ta ba.