Kafin Ka Biya Kuɗin Jami'a, Tambayi Matsayin Fannin

Jama'a, ba kowace takardar digiri ce Gwamnatin Tarayya ta amince da ita ba. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, wadda aka kafa a 1962, ita ce Doka ta 16 ta 1985 ta ɗora wa nauyin tsara ma'aunin ilmi da tantance darussan jami'o'i.

Mu ɗauki Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi, wadda aka kafa a 2002. Ba jami'ar ake yi wa hukunci ɗungurungum ba. Kowane fanni da nasa. Hukumar takan aiko da shaihunan malamai daga waɗansu jami'o'i, su ƙirga malamai, su zaga ɗakin karatu da ɗakunan gwaje-gwaje. Ba su tsayawa ga gine-gine, domin fenti ba ya koyar da kowa. Sukan buɗe takardun jarrabawar da aka riga aka duba, su ga ko makin da aka ba ɗalibi ya dace da amsarsa, su kuma karanta rahoton malamin waje da ya sake bin takardun.

Fannin da ya cika sharuɗɗa yakan sami cikakkiyar amincewa ta shekara 5. Wanda ya gaza kaɗan sai a ba shi ta wucin gadi, shekara 2, domin ya gyara. Wanda aka hana kuwa, an dakatar da shi ke nan daga ɗaukar sababbin ɗalibai.

Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Mubi ba ta ƙarƙashin NUC. Hukumar NBTE da ke Kaduna ke tantance ta. Uba ko ɗalibi mai shakka sai ya je ofishin magatakardan makarantar, ya ambaci sunan fannin, ya nemi a nuna masa matsayinsa a rubuce.