An Sa Injin Kafireta, Amma Mai Ba Ya Zuwa Daidai

Ƙungiyar da ke da a-kori-kura ɗaya tak ta san abin da ake ji in motar ta kwanta da kaka. Masara tana jibge a gona, kuɗin hayar wata mota kuwa ba a magana. Shi ya sa in inji mai injekta ya mutu, 'yan kwamiti su kan yarda a sa mai kafireta a madadinsa, gama ya fi araha, bakaniken ƙauye kuma ya san cikinsa. Ba mu ga laifin wannan ba. Sai dai a tuna inji kaɗai aka canja. Tanki da famfon mai da bututu da wayoyi duk na injekta ne har yanzu, kuma daga nan yawancin wahalar take fitowa.

Bari mu ɗauki Toyota Hilux, tun da ita muka fi sani. Injinta mai injekta, watau 22R-E, yana da famfon lantarki a cikin tanki. Wannan famfo yana tura fetur da ƙarfi wajen 40 a agogon awo, a ma'aunin da ake rubutawa psi. Kafireta kuwa, irin ta injin 22R, daga 3 zuwa 6 take so, ba ƙari. Kun ga ƙarfin ya ninka kusan sau goma.

A cikin kafireta akwai ɗan kwano inda mai ke taruwa, da wani abu mai yawo a bisa man, wanda ake kira fulot. In kwanon ya cika, fulot ya tashi ya tura wata 'yar allura ta rufe ƙofa. Allurar nan ba ta da ƙarfin tare famfon injekta. Sai mai ya yi ambaliya, mota ta riƙa baƙin hayaƙi, filogi su jiƙe, fetur ya gangara ya tsinka baƙin man inji. Ku zaro sandar awon mai ku sunsuna. In kun ji warin fetur, a juye man nan kafin a sake tafiya. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne fetur ya zubo bisa inji mai zafi, ga buhuna a baya, ga mutane zaune a kai.

Wani bakanike zai ce a lanƙwasa fulot, ko a matse tiyo da waya don a rage man. Kada ku yarda. Gyaran gaskiya iri biyu ne. Ko dai a bar famfon tanki a sa masa regileta, irin wadda ke mayar da rarar mai zuwa tanki ta bututu na biyu, ko kuwa a cire famfon ɗungum. Regileta marar hanyar mayarwa ba za ta iya da wannan famfo ba, asarar kuɗi ce kawai. Mu dai mun fi son a cire shi. Injin 22R yana da nasa famfo a jikin kan inji, wanda injin da kansa ke motsawa, ba ruwansa da batir. Amma kada a yanke wa tsohon famfo waya a bar shi a tanki, domin sabon zai sha wuya wajen jan mai ta cikinsa, mota ta riƙa shaƙewa a hawa. A fid da shi, a sa bututu mai rariya a baki wanda ya kusa taɓa gindin tanki.

In kuwa ƙaramin famfon lantarki mai sauƙin ƙarfi za a sa, a ɗaura shi kusa da tanki, can ƙasa, da matacin mai a gabansa. Irin wannan famfo ya iya turawa, bai iya ja daga nesa ba.

Akwai kuma motar da ta kan tashi in an murɗa makulli, da an yi 'yar tafiya sai ta mutu. A Hilux mai injekta, bayan inji ya tashi, awon iskar da ke bakin matacin iska shi ke riƙe wa famfo wuta. An cire shi tare da tsohon inji, saboda haka famfo yana aiki ne lokacin da ake tayarwa kaɗai. Hanya mai sauƙi ita ce a haɗa famfo da makulli kai tsaye, amma in mota ta yi haɗari tiyo ya tsinke, famfo zai ci gaba da feshin fetur. A ce wa mai aikin waya ya bi da wutar ta fiyus da rile da makunnin ƙarfin baƙin mai, yadda in inji ya tsaya famfo ma ya tsaya.

Wata kuma sai ta yi kilomita da dama lafiya lau, sa'an nan ta mutu, ta huta kaɗan ta sāke tashi. Ku buɗe murfin tanki nan take. In kun ji ya ja iska fuu, to an toshe tiyon numfashin tanki lokacin aikin, sai a buɗe shi. In ba haka ba ne, ku duba ko bututun mai ya bi kusa da salansa. Da bazara zafi ya kan sa fetur ya tafasa a ciki ya zama tururi, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. A kawar da bututun daga wurin zafi.

Mun sha ganin galan ɗaure a gaban mota da tiyo zuwa kafireta. Wannan na gwaji ne a gareji, don a gane ko laifin daga tanki yake. Ba na hawa hanya ba ne.

Kafin ma'aji ya biya sauran kuɗin aiki, mutum biyu daga kwamiti su je tare da direba. A sa agogon awo a bakin kafireta su ga lambar da idonsu, a bar inji yana aiki su duba kowace mahaɗa ko tana ɗiga, sa'an nan a yi wa motar lodi a hau tudu da ita da tsakar rana.