Wuƙar Aljihu da Abokiyar Tafiyarta

Yara, kun taɓa tsayawa a tashar mota kun kalli direban babbar mota yana shirin tafiya? Yakan duba mai, ya duba ruwa, ya bubbuga tayoyi. Daga nan sai ya shafa aljihunsa. Ba kuɗi kaɗai yake lalube ba.

Akwai wani direba da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Tafiyar ta fi kilomita 200. Kullum yana da ƴar wuƙa mai naɗewa cikin aljihun dama. A ɗamararsa kuma akwai wata ƴar jakar fata. Cikinta akwai wani ƙarfe mai nauyi. In ya buɗe ƙarfen, sai ya zama awartaki. Cikin hannuwan awartakin akwai ƴan ƙananan kayan aiki a kwance: zarto, da magagari, da almakashi, da abin kwance ƙusa mai murɗi, wanda masu garaji suke ce wa turnabis. Har da wata ƴar wuƙa a ciki. Bari mu kira shi awartaki mai ƴaƴa.

Rannan yaron motarsa ya tambaye shi, ya ce: «Maigida, tun da wannan ƙarfe yana da wuƙa a cikinsa, mene ne amfanin waccan ta aljihu? Ba kaya biyu ba ke nan?»

Tambayar tana da kyau. Kafin mu amsa ta, sai mu san inda kowane ɗayansu ya fito.

Kayan tafiya na mutanen da

Tun zamanin da, namiji ba ya shiga daji hannu sake. Manomi, da makiyayi, da falke, kowa yana da wuƙarsa cikin kube. Wani ya rataya ta a ɗamara, wani ya ɗaura ta a damtse. Da ita za a yanke igiya, a feƙe sanda, a yanka dabbar da ta kasa tafiya kafin ta zama mushe.

Amma wuƙa ba ta iya komi da komi. Wanda ya taka ƙaya a daji ya san haka. Shi ya sa makiyaya da masu raƙuma da yawa suke rataya wani ƙaramin kube a wuya. Cikinsa akwai matsefata, da tsinken ƙarfe mai tsini, wani lokaci har da ƴar aska. Da tsinken ake tono ƙaya, da matsefata ake cire ta. Maƙeranmu ne suke ƙera su. Ku dubi zabirar wanzami kuma. Jaka ɗaya ce, amma aljihunanta da yawa: nan aska, nan almakashi, can ƙahon tsaga.

Ashe tara ƙananan kayan aiki wuri ɗaya ba sabon abu ba ne. Abin da wasu ƙasashe suka ƙara shi ne, sun haɗa kayan a jikin ƙota guda, suna naɗewa. Ko wannan ma tsohuwar dabara ce. A wani gidan ajiye kayan tarihi na birnin Kambirij, a Ingila, akwai irin wannan abu na Rumawa. An ƙera shi da azurfa tsakanin shekara ta 200 da ta 300. Yana da cokali, da cokali mai yatsu, da tsinke, da bakin wuƙa na baƙin ƙarfe.

Wuƙa mai naɗewa

Wuƙar aljihu ba ta bukatar kube. Ƙotarta ita ce kubenta. In an gama aiki, sai a lanƙwasa bakin ya shige cikin ƙota.

Ɗaya daga cikin sanannun wuƙaƙen aljihu ita ce Opinel. Wani saurayi ɗan maƙera, Joseph Opinel, ya fara yin ta a shekarar 1890, cikin duwatsun Sabuwa, a ƙasar Faransa. Ƙotarta ta itace ce, bakinta ɗaya tak. Ana ba ta lamba bisa ga girmanta. Mai lamba 8 ita ce aka fi saye, tsawon bakinta santimita 8 da rabi. A shekarar 1955 aka ƙara mata wani zobe a wuya. In an buɗe wuƙar aka murɗa zoben, bakin ba ya rufewa a kan yatsu. Ku riƙe wannan magana ta zobe, za mu komo kanta.

Akwai kuma wata mai suna Douk-Douk. An fara yin ta a garin Tiyer na Faransa a shekarar 1929. Ƙotarta fallen ƙarfe ne da aka ninka biyu. Ba ta da tsada, ba ta da kauri. Ta yi kasuwa ƙwarai a Aljeriya da sauran ƙasashen Afirka waɗanda Faransa ta mulka.

Wuƙar sojan Suwis

Wajen shekarar 1890, sojojin ƙasar Suwis sun sami sabuwar bindiga. Ba a iya kwance ta a goge sai da turnabis. Abincin da ake ba su a daji kuma cikin gwangwani yake. Sai manyansu suka ce a yi wa kowane soja wuƙa ɗaya mai ƴaƴa huɗu: bakin yanka, da turnabis, da mabuɗin gwangwani, da tsinken huda fata.

A lokacin, babu masana'antar da za ta iya yin su da yawa a Suwis. Don haka guda 15.000 na farko, a birnin Zolingen na Jamus aka ƙera su, a shekarar 1891. Abin bai yi wa wani maƙerin wuƙaƙe daɗi ba. Sunansa Karl Elsener, yana da maƙera a ƙauyen Ibak tun 1884. Ya tara ƴan'uwansa maƙera, suka karɓi aikin. A shekarar 1897 ya fito da wata wuƙa wadda ta fi ta farko kyau da rashin nauyi, mai ƴaƴa a ciki da baya. Da uwarsa Victoria ta rasu a 1909, sai ya sa wa kayansa sunanta. A 1921 aka haɗa sunan da «inox», wato ƙarfen da ba ya tsatsa, ya zama Victorinox. Ita ce jar wuƙar nan mai alamar tutar Suwis a jiki.

Wuƙar sojan Suwis ta zaga duniya. Amma a wancan lokaci akwai abin da ba ta iyawa: ba ta cizon ƙarfe.

Yadda awartaki ya shiga aljihu

A shekarar 1975, wani Ba'amurke mai suna Tim Leatherman ya tafi yawon ƙasashen Turai tare da matarsa. Ba su da kuɗi da yawa. Sai suka sayi wata tsohuwar ƙaramar mota Fiat. Motar nan ba ta daɗewa ba ta lalace ba. A masaukai masu araha kuma, famfon ruwa yakan yi ta zuba. Yana da wuƙar aljihu mai ƴaƴa, amma kullum abin da yake bukata shi ne awartaki, ya kama ƙusa, ya murɗa waya.

Da ya koma gida, birnin Fotlan, sai ya duƙufa. Ya yi shekaru yana gwadawa, yana kai wa masana'antu, suna ƙi. Masu wuƙaƙe suna ganin abin kayan garaji ne, masu kayan garaji suna ganin abin wasa ne. Sai a shekarar 1983 shi da abokinsa suka kafa kamfaninsu, suka fara sayarwa.

Dabararsa ita ce ya juya abin. A wuƙar Suwis, wuƙa ce uwa, sauran kayan ƴaƴanta ne. A wajensa kuwa, awartaki ne uba, wuƙa tana cikin ƴaƴa.

Me ya sa awartaki yake da ƙarfi haka? Ku duba shi da kyau. Ƙarafa biyu ne da aka gicciya, aka haɗa da ƙusa a tsakani. Hannuwan dogaye ne, bakin gajere. A ce daga ƙusar zuwa inda kuke matsawa santimita 10 ne, daga ƙusar zuwa inda ya ciji waya kuma santimita 2. In kun raba 10 gida 2, kun sami 5. To, ƙarfin hannunku ya ninku sau 5 ke nan a bakin awartaki. Shi ya sa ake tura waya can kusa da ƙusar in ana son a datse ta.

To, don me guda biyu?

Yanzu mu koma ga tambayar yaron mota.

Sa'ad da nake ɗan yaro kamarku, murfin rediyonmu ya ƙi buɗuwa. Na ɗauko wuƙar babana ba da saninsa ba. Na sa tsininta a kan ƙusa, na murɗa da ƙarfi. Sai na ji ƙas! Tsinin ya karye, guntun ya yi tsalle ya wuce ta gefen idona. Ƙusa kuwa tana nan ba ta motsa ba. Babana bai buge ni ba. Ya kai ni wurin maƙeri, ya sa na zauna ina kallo har aka goge bakin aka yi masa sabon tsini. Wuƙar ta rage tsawo, ba ta ƙara komawa yadda take ba.

A ranar na gane abin da ya faru. In maƙeri ya gama ƙera wuƙa, yakan sa ta a wuta ta yi ja, sa'an nan ya tsoma ta cikin ruwa ko mai. Wannan ne yake sa ƙarfen ya yi tauri, kaifinsa ya daɗe. Amma ƙarfe mai tauri ba ya son lanƙwasa. In an murɗa shi, ko an yi ɓanɓare da shi, sai ya karye. Bakin wuƙa siriri ne, don yanka kaɗai aka yi shi. Turnabis kuwa bakinsa mai kauri ne, don murɗa aka yi shi. Wanda yake da awartaki mai ƴaƴa a kusa ba zai sa wuƙarsa aikin da ba nata ba. Zai buɗe gwangwani da mabuɗi, ya datse waya da awartaki, ya kankare tsatsar kan batir da magagari.

To, in haka ne, me zai hana a bar wuƙar a gida, a riƙa yanka da ƴar wuƙar cikin awartaki? Ana iyawa, in aikin kaɗan ne. Amma ku gwada feƙe ƙotar hauya da ita, ku ji. Hannun awartaki ƙarfe ne mai kusurwa, ba da jimawa ba zai ci muku tafin hannu. Ƙotar itace kuwa tana cika hannu, ba ta zamewa. Ga kuma sauri. A ce akuya ta sarƙe da igiya tana shaƙewa. Wuƙar aljihu, fitowa ɗaya, buɗewa ɗaya. Awartaki sai an kwance jaka, a wasu ma sai an buɗe hannuwan an nemo bakin cikin ƴan'uwansa.

Sai maganar zoben nan. A wuƙaƙe masu ƴaƴa da yawa, musamman masu araha, babu abin da ke kulle baki. Wani ɗan ƙarfe mai tsalle ne kawai yake riƙe da shi. In an danna tsinin da ƙarfi, bakin yana iya rufewa a kan yatsa. Mutane da dama sun ji ciwo ta haka.

Akwai tsabta kuma, wadda ni a ganina ta fi sauran dalilan nauyi. Direban nan da awartakinsa yake taɓa baƙin mai, da ruwan batir, da tsatsa. Dauɗa tana shiga tsakanin ƴaƴan, wankinta da wuya. Da wuƙar aljihu kuwa yake yanka albasa, da tsire, da mangwaro. Baki ɗaya ne, shafa ɗaya ta isa a wanke shi da sabulu. Ba ya haɗa su.

Ba kowa ne yake bukatar biyun ba. Opinel mai lamba 8 nauyinta wajen garam 45 ne. Babban awartaki mai ƴaƴa yana kai garam 240, kusan rubu'in kilo. In an sa shi a aljihun riga, sai ya ja ta ƙasa, har ya huda ta. Yana da tsada kuma, na jabu sun cika kasuwa, ƙarfensu yana lanƙwashewa a aikin farko. Mai gyaran keke da ke zaune a rumfarsa ba ya bukatarsa, ga manyan kayan aikinsa a gabansa, sun kuwa fi ƙarfi. Wanda yake nesa da akwatin kayansa shi ne mai bukata: direba a tsakiyar hanya, mai lambu in injin ban ruwa ya tsaya, mai gyaran fitilar hasken rana in ya hau soro.

Kula da su

Ƙarfen wuƙa iri biyu ne. Baƙin ƙarfe irin na maƙeranmu yana saurin wasuwa, yana kaifi sosai, amma yana tsatsa. In an yanka lemo ko tumatir da shi, sai a goge nan da nan, a shafa masa ɗan man gyaɗa. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa an gauraya shi da wani ƙarfe mai suna kurom, fiye da kashi 10 cikin 100. Shi ba ya damuwa da ruwa sosai. A ƙasarmu babban abokin gaban awartaki mai ƴaƴa shi ne rairayi. Lokacin hunturu ƙura tana shiga gaɓoɓinsa, su ƙi motsi. Sai a wanke shi, a shanya ya bushe sarai, a ɗiga ɗigon mai ɗaya a kowace gaɓa.

Wuƙa maras kaifi ta fi mai kaifi haɗari, domin sai an danna ta da ƙarfi, daga nan ta zame. In kuna yanka, ku tura bakin waje, kada ku jawo shi wajen jikinku. In za ku miƙa wa wani, ku rufe ta tukuna. Wanda ƙarfe mai dauɗa ya yanke, ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya tafi likita a duba ko yana bukatar allurar tetanos, ciwon nan mai sarƙe haƙora.

Akwai wuraren da ba a shiga da su. Tun bayan harin da aka kai Amurka da jiragen sama a ranar 11 ga Satumba 2001, aka tsananta bincike a filayen jirgi. Mai tafiya aikin hajji ko wata ƙasa yakan sa wuƙarsa cikin babbar jaka wadda ake aunawa. In ya manta ta a aljihu, ana iya karɓe ta a ƙofa. Makaranta ma haka take. Ba a zuwa aji da wuƙa, ko ƙarama ce. In fensirinku ya dakushe, ku nemi abin feƙe fensir wurin malam.

Ran kasuwa, ku roƙi babanku ko yayanku ya raka ku rumfar maƙera. Ku ce a nuna muku matsefata da awartakin maƙeri. Ku auna tsawon hannun awartakin da na bakinsa, ku rubuta a allonku, ku kawo aji mu yi lissafin tare.